Abin da Ya Mayar da Ni Zongo

Na daɗe ina jin maganar nan tana yawo, kuma na san wasunku sun ji ta a gidajen biki: wai Zainabu, matar yayanku Abba, ita ce ta kore ni daga gidan Baguida. Na ƙaryata da baki har na gaji, amma mutane sun fi jin daɗin labarin suruka da uwar miji a kan gaskiya. Shi ya sa nake so in ajiye muku shi a rubuce, ku da 'ya'yanku, tun da sauran hankalina. Babu wanda ya kore ni. Ni na roƙa a mayar da ni Zongo, unguwarmu ta Hausawa a nan Lomé, kuma ga yadda abin ya kasance.

Kun tashi kun gan ni da sanduna biyu, har idonku ya daina ganinsu. Shan inna ya taɓa ni tun ban yi wayo ba, ya shanye ƙafar dama gaba ɗaya, ya bar mini ta hagu da ɗan ƙarfi. Ban san wata tafiya ba sai wannan. Da sandunan nan na je makarantar allo, da su na shiga ɗakin mahaifinku, da su na goya ku ɗaya bayan ɗaya. Mahaifinku Malam Idi tela, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ce mini in zauna a gida saboda ƙafa ba. In suna ake yi ina can, in biki ne ina can, kuma ni ake miƙa wa rabon nama. Amma aikin da aka fi sanina da shi a unguwa shi ne wankan gawar mata. Wata tsohuwa da muke kira Goggo Nana ce ta koya mana, ni da ƙawata Asibi mai koko, tun muna da ƙuruciyarmu. Ta ce ta zaɓe ni ne domin aikin na zaune ne, kuma abin da yake bukata shi ne hannu mai taushi da baki mai nauyi, ba ƙafa ba. Da ta rasu muka gaje ta. Asibi ke zuba ruwa, ni ke wankewa. Mun saba har ta kai ba sai na yi magana ba, in na ɗaga kai ta san ruwan magarya nake so ko na kafur. Magaryar ma ita ke nemo ta wurin direbobin da ke sauko da albasa daga arewa. Wata rana muna dawowa daga wani gida, tana riƙe mini da buta, muka yi alkawari cewa duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta. Dariya muka yi a lokacin, amma ba wasa muke ba.

Da shekaru suka ja, ba ƙafar ce ta kayar da ni ba, kafaɗu ne. Suka fara da tsami, suka koma zafi, har ya zama in na dogara da sanda sai in ji kamar ana zare mini hannu. Likitan da aka kai ni wurinsa ya ce kafaɗun nan sun yi aikin ƙafafu tsawon raina, yanzu sun gaji, kuma babu maganin da zai mayar da su. Ya ce in ajiye sanduna in hau keken guragu. Na hau. Amma kun san lungunanmu: da rani yashi, da damina ruwa ya kwanta. Keken ya shiga yashi ya kafe, ga dokin ƙofar gidanmu mai tsayi, ga banɗaki can ƙarshen tsakar gida. Fita ta zama aiki, na fara zaɓen inda zan je.

A wannan shekarar Abba ya gama gininsa. Sunan mahaifina ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Allah ya buɗa masa a aikin fito da kaya daga tashar jirgin ruwa, ya sayi fili a Baguida, kusa da teku. Bai gaya mini komai ba sai da aka gama. Ranar da ya kai ni, ya turo keken daga mota har cikin ɗaki ba tare da an ɗaga ni ba, domin ya sa an yi gangare maimakon matakala. Ƙofar ɗakin mai faɗi ce. A banɗaki an kafa ƙarafan riƙewa daidai tsayin hannuna, an sauko da famfo inda zan kai. Ashe duk zuwan da yake yi Zongo yana ta kallon yadda nake motsi, yana aunawa a ransa. Na yi kuka a ranar, kukan daɗi, na sa masa albarka. Ina so ku riƙe wannan: ban taɓa raina ɗakin nan ba, kuma har gobe ban kwana a inda ya fi shi ba.

Zainabu kuwa, ban san da wane baki zan yaba mata ba. Yarinya ce da ta yi bokon Faransanci, tana aiki a kantin magani, Hausarta ma rabi da rabi ce. Kafin ta fita da safe sai ta shafa mini man kaɗanya a kafaɗu, ta dama koko ta ajiye a kusa, tana ba ni haƙuri wai bai kai na Asibi ba. Gaskiya ta faɗa, bai kai ba, amma ina shanyewa. Daga nan sai gida ya watse. Abba ya tafi tasha, ita ta tafi kanti, yara su tafi makaranta, mai gadi ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe. Sai ni da ƙarar teku. Katangar gidan doguwa ce, ta maƙwabta ma haka. Mutanen kirki ne, in mun haɗu mu gaisa da ɗan abin da na iya na Minanci, yaren mutanen bakin tekun, amma babu mai leƙowa ya ce a san masa gishiri, babu mai kawo ƙarar mijinta, babu kiran salla sai wanda ke fitowa daga waya. A Zongo, kafin hantsi na san wadda ta haihu da wadda ta kwana da zazzaɓi. A Baguida na san lokacin da masunta ke jan taru, domin nakan jiyo waƙarsu daga nesa, shi ke nan.

Da farko mata kan hau babur su zo a rukuni, su cika ɗakin da hayaniya, su tafi. Hanyar da nisa, kowa da sha'aninsa, sai zuwan ya ragu. Asibi ce kaɗai ba ta fasa ba. Takan zo da ƙosai a ƙunshe, ta zauna bakin gado ta kwashe mini labarin unguwa kaf. Daga baya ita ma ƙafafunta suka fara kumbura, muka koma waya. Abin da ban lura da shi ba sai a hankali shi ne, mutane sun daina kirana kai tsaye. Duk abin da ya shafe ni, Abba ake kira. Shi zai duba ko ana ruwa, ko jikina da ƙarfi, ko motar na nan, sannan ya yanke ko a gaya mini. Ba da mugunta ba. Su a ganinsu suna girmama shi, shi a ganinsa yana hutar da ni.

Wata Talata ce cikin damina, an wuni ana yayyafi. Bayan la'asar na ji motar Abba, na yi mamaki, domin ba lokacin dawowarsa ba ne. Ya shigo ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da keken. Gefen wandonsa duk jar laka, irin wadda ba a samu a tasha. Da na ga lakar nan na san daga maƙabarta yake.

Ya ce, “Inna, sai haƙuri. Inna Asibi ta rasu da safe. An kai ta bayan azahar.”

Na yi salati. Na tambaye shi wa ya wanke ta. Ya ce bai sani ba. Ya ce Larai, 'yar Asibi, ta kira shi tun da safe, ya duba ruwan da ake yi da nisan hanya da halin kafaɗuna, ya ga gara ya je a madadina, in ya so ya zo ya gaya mini da bakinsa. Bai san da alkawarinmu ba, kuma ko ya sani, ina jin abin da zai yi ke nan. Ban yi masa faɗa ba. Na ce ya taimake ni in yi alwala.

Washegari aka kai ni gaisuwa. An ɗauko wata baiwar Allah daga wata unguwa ta yi wankan, kuma an ce ta yi shi yadda ya kamata, Allah ya saka mata. Amma akwai abin da Asibi ta roƙe ni in rufe mata a jikinta, wanda ni kaɗai na sani, ba kuma zan faɗe shi a nan ba. Baƙon ido ya gani. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da mutuwar kanta, domin mutuwa dole ce, wannan kuwa da an kira ni da bai faru ba. Larai ta durƙusa tana kuka, ta ce ta ɗauki waya za ta kira ni, manyan mata suka ce kada a tayar mini da hankali, ai ina fama da kaina. Ina zaune a tsakar gidan, mata suna shigowa. Kowacce ta yi wa Larai ta'aziyya, sannan ta juyo wurina ta ce sannu Inna Rabi, yaya jiki. Ni da na rasa ƙawar da muka tashi tare, babu wadda ta ce mini yaya haƙuri. A nan na ji an yi sunaye ban sani ba, an aurar da yaran da aka haifa a gabana, an yi wata rigima tsakanin gidaje biyu har an shirya. Kowa yana ƙaunata, amma an riga an cire ni daga cikin masu amfani, an sa ni cikin waɗanda ake dubawa.

Na bari aka share makoki. Wata Lahadi bayan an ci abincin rana, ƙanwarsa Hadiza ta zo daga unguwar Totsi, na ce ina da magana. Na ce ina so a mayar da ni ɗakina na Zongo. Hadiza ta fara lissafo mini matsaloli, yashi, banɗaki, sauro, wa zai ɗaga ni, wa zai kwantar da ni. Duk gaskiya ne. Da ta gama sai Abba ya juyo wurina.

Ya ce, “Inna, me muka rage ki da shi? Ki faɗa a gyara.”

Na ce, “Ba ku rage ni da komai ba. Amma a nan babu wanda ke bukatata, Abba. Ina ci, ina sha, ina jiran ku dawo. Ban gama rayuwa ba tukuna.”

Ya ce mutane za su ce ya kasa riƙe uwarsa. Ya ce in na faɗi a can fa. Na ce zan iya faɗuwa, na sani. Ya tashi ya fita tsakar gida ya daɗe. Zainabu ce ta matso ta riƙe mini hannu. Ita da za a fi zagi a kan maganar, ita ce ta fara fahimta. Ta ce da Hausarta mai gargada, in dai can ne zuciyata za ta kwanta, za ta yi masa magana. Ku ji da kyau, wannan ita ce matar da aka ce ta kore ni.

An mayar da ni da ruwa ya ɗauke. Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba, kuma ba ni kaɗai ya taɓa ba. Hadiza ta koma zirga-zirga tsakanin Totsi da Zongo, ga nata gidan, ga nata aikin, har ta rame. Matan gidanmu, iyalan ƙannen mahaifinku, suka ɗauki ɗagawa da kwantarwa, wani lokaci da fara'a, wani lokaci da gajiya, kuma ban ga laifinsu ba. Zainabu ta sha baƙar magana a gidajen suna, ta haɗiye. Abba kuwa ya ɗauke ƙafa. Yana aiko da komai, shinkafa, magani, mai, amma shi ba ya zuwa. In ya kira, gaisuwa ce gajera. Na san ba fushi ba ne kaɗai, ciwo ne, domin ya gina abu da dukan zuciyarsa an bar masa shi a rufe. Kuma abin da ya ji tsoro ya faru. Wata safiya na zame a bakin banɗaki na faɗi a kan hannun hagu, wuyan hannun ya karye. Ya warke a karkace. Daga ranar na san ba zan sake juya gawa da hannuna ba.

Abin da ya fi wannan ɗaci shi ne, na dawo amma ba a dawo da ni ba. Taron matanmu na ranar Alhamis an mayar da shi saman benen wata Hajiya, wai can ya fi iska. Aka yi rasuwa a bayan masallaci, sai daga baya na ji. Akwai yammacin da na zauna a zaure ina kallon masu wucewa, na ce a raina ko Hadiza ce ke da gaskiya. Amma a nan aƙalla ana wucewa. Sai na daina jiran a tuna da ni. Na aika aka kira mini shugabar matan, na ce mata ba ni kaɗai benen nan ya hana zuwa ba, akwai Iya Dije da ɓarin jikinta ya shanye, akwai Mairo makauniya da ba ta yarda da matakala, kuma dukanmu mun riga mai benen shiga taron. Ta ɗan ji nauyi, aka yi 'yan gunaguni, mai benen ta yi fushi na ɗan lokaci. A ƙarshe aka dawo da taron tsakar gidanmu, ƙarƙashin mangwaro. Ranar farko Iya Dije ta zo da kwalli a ido da sabon ɗankwali, ta ce rabonta da fita ba don asibiti ba har ta manta.

Ana nan wata mata ta rasu a gidan haya da ke bakin titi. Baƙuwa ce, matar wani direba da ya tafi da kaya arewa, ba ta da kowa a Lomé. Matan gidan duk yara ne, babu wadda ta taɓa taɓa gawa, sun tsaya cirko-cirko. Larai ce ta zo ta same ni, ni da kaina. Na nuna mata hannuna. Ta ce ba hannu suke nema ba, wanda zai gaya musu yadda ake yi suke nema. A ranar kuwa, Zainabu ta kawo mini magani, tana zaune. Sai ta tuɓe takalminta mai tsini ta kama keken. Inda ya kafe a yashi, mata suka ɗaga shi da ni a ciki. A ɗakin na sa aka rufe ƙofa, na ce kowa ta yi niyya, a fara da alwala, a fara da dama. Larai ke wankewa da irin hannun uwarta, Zainabu ke zuba ruwa, kuma ba ta zubar a banza ba. Ina gaya musu inda za su sassauta, inda za su kau da ido. Na iya tsefe mata kai da hannuna na dama, na yi mata kitso. Da aka sa ta a likkafani, fes da ita, sai Zainabu ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta, ta dawo ta ce in an sake samun irin wannan a kira ta. Yau a Zongo akwai mata da yawa da suka iya aikin nan, kuma a gabana suka koya.

Abba bai zo ba sai wajen bikin 'yar Larai. Ana gobe ɗaurin aure, tsakar gidanmu cike da mata, ga tukwane a kan murhu, hayaƙi ya tashi. An ajiye ni a tsakiya da faranti a cinya, Mairo a gefena tana ɓare tafarnuwa, muna musu da masu girki a kan yawan barkono, wata na tambayata gidajen da za a kai wa abinci, wata na jiran in sasanta ta da ƙanwar mijinta. Ban ga shigowarsa ba. Sai ji na yi an ce ga Alhaji. Na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin zaure, ya yi furfura a gemu fiye da yadda na bar shi. Amma ga mai neman sasancin nan a durƙushe tana tsakiyar magana. Na ce masa ya ɗan jira, ina zuwa.

Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ya zauna yana kallo. Na gama da wannan, wata ta zo, na gama da ita, aka kawo miya in ɗanɗana. Har rana ta karkata sannan na samu kaina. Ya taso ya durƙusa ya gaishe ni, ya kama hannuna na hagu yana duba inda ya karkace. Na zaci zai ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya daɗe riƙe da hannun.

Ya ce, “A gidana ban taɓa jiranki ba, Inna. Kullum ke ce ke jirana.”

Na ce masa ya yafe mini ɗakinsa da na bari. Ya ce ɗakin yana nan, duk ranar da na ga dama in zo in kwana biyu in ji iskar teku, a dawo da ni kafin Alhamis. Haka muke yi har yanzu.

Ban san nawa ya rage mini ba. Wataƙila lokaci na zuwa da jikin nan zai ƙi gaba ɗaya, a mayar da ni Baguida in zauna, kuma in ya zo ba zan yi musu ba. Amma kada wani a cikinku ya sake yin shiru in an ambaci Zainabu da wannan magana. Ranar girkin bikin nan, bayan ya saki hannuna, yayanku ya naɗe hannun rigarsa ya ce ina ne ba a kai abinci ba. Na ce gidan Iya Dije, kuma ni zan kai da kaina. Aka ɗora mini kwanon a cinya, ya kama keken, muka shiga yashi.